Ɗauraya Kafin Wanki a Tsohon Injin Wanke Kwanuka: Yaushe Take da Amfani, Yaushe Take Ɓarnar Ruwa

Cikin kayan Turai na hannu da ke shigowa Maraɗi ta tashar Kwatano ko ta Lome, ko su biyo hanyar Jibiya da Ɗan Isa daga Katsina, akan samu injin wanke kwanuka jefi-jefi, a tsakanin firigo da injin wankin tufafi. Yawanci tsofaffi ne, masu maɓallin murɗawa mai ƙas-ƙas, babu allo mai nuna lambobi, kuma takardar bayaninsu ta daɗe da ɓata. Masu sayensu su ne masu gidan abinci, da masu dafa abincin biki, da wasu magidanta masu iyali da yawa. A jikin kusan kowannensu akwai wani ɗan gajeren zagaye da mutane ba su san me za su yi da shi ba. Na Jamus an rubuta masa Vorspülen, na Faransa Prélavage ko Trempage, na Amurka kuwa Rinse & Hold, wani lokaci ma babu rubutu sai hoton ruwa yana feshi. Wasu sun ɗauke shi wankin gaggawa ne, sai su zuba sabulu su kunna, su fito da faranti da maiƙonsa su ce an cuce su. Wasu kuma sun ji an ce ɗauraya kafin wanki tsohon yayi ne, sai suka ƙaurace masa gaba ɗaya. Duka biyun sun kuskure.

Abu uku ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Akwai ɗaurayar hannu, wadda mutum zai tsaya gaban robine yana tara faranti ɗaya bayan ɗaya kafin ya jera su cikin inji. Akwai ɗaurayar farko da ke cikin cikakken wanki, wadda injin ke yi da kansa da zarar an kunna shi, kafin ya buɗe ma'ajiyar sabulu. Sai ta uku, wannan zagaye mai zaman kansa, wanda yake farawa ya ƙare cikin kamar minti 10 zuwa 15 ba tare da ya wanke komai ba. Maganarmu a kan ta ukun ce, amma ba a fahimtarta sai an san ƴan uwanta biyu.

Abin da ke faruwa a cikin injin idan an murɗa maɓallin zuwa wurin ba shi da yawa. Da farko famfon fitar da ruwa zai yi ɗan gurnani ya zubar da guntun ruwan da ya kwanta a ƙasa. Sai ƙofar ruwa ta buɗe, ruwa ya taru a gindin injin, ba wai ya cika shi ba, tsayinsa bai wuce ƴan yatsu ba. Sai babban famfo ya ɗauki wannan ruwan ya tura shi cikin hannuwan feshi, su kuma ƙarfin ruwan da ke fita ta ƙananan hudojinsu ne yake juya su. Ruwan nan ɗaya shi ke ta zagayawa, ya bugi kwanuka, ya gangaro, ya ratsa matata, ya koma sama. Bayan ƴan mintoci a zubar da shi, injin ya tsaya. Ba a buɗe ma'ajiyar sabulu, ba a busar da kaya, kuma a injinan Turai ba a kunna waya mai dafa ruwa. Abin da ake nema kawai shi ne kada ragowar abinci ta bushe a jikin kwano kafin injin ya cika a yi wanki na gaske. Duk macen da ta taɓa kwashe tuwo ta yi maza ta zuba ruwa a tukunya kafin ta zauna cin abinci ta san hikimar, domin ta san abin da za ta tarar da safe idan ta bar ta haka.

Dalilin da ya sa aka ƙirƙiri zagayen yana cikin yadda gidajen Turawa suke. Injin da Josephine Cochrane ta yi wa rajista a Amurka a 1886, wanda ta baje a babban baje-kolin Chicago na 1893, otal-otal da gidajen abinci ne suka fi sayensa, kuma a irin waɗannan wurare kwano ba ya jira, ana ci ana wankewa. Kamfanin Miele na Jamus ya fitar da mai aiki da lantarki a 1929, KitchenAid ya shigo da nasa na gida a 1949, amma sai daga shekarun 1970 injin ya zama kayan ɗakin girki na yau da kullum a can. Matsalar da ta biyo baya ita ce, injin yana ɗaukar kayan cin abincin mutum 12, gidan kuma mutum uku ne ko huɗu. Kafin ya cika sai an kwana ɗaya ko biyu. To farantin safiyar jiya fa? Shi ne aka yi masa wannan ɗan zagaye.

A nan ne ya kamata mai inji a Maraɗi ya tsaya ya dubi gidansa. Gidan da ake cin abincin rana mutum 15, inji ya cika a zama ɗaya, ba shi da wata buƙata da wannan maɓalli. A kankare kwanuka, a jera, a kunna cikakken wanki, shi ke nan, domin cikakken wankin ma da ɗauraya yake farawa. Yin zagayen ɗauraya sannan a bi shi nan take da cikakken wanki, ɗauraya biyu ke nan a jere, an biya kuɗin ruwa sau biyu a kan aiki ɗaya. Haka mai gidan abinci a bakin tasha da tsakar rana. Wanda zagayen yake yi wa rana shi ne mai ƙaramin iyali, ko mai jiran dare saboda a lokacin ne kuran, wato wutar lantarki, ya fi tsayawa, ko wanda ya jera kaya ya san ba za a kunna ba sai gobe.

Sai dai yanayinmu ya sa lissafin jira ya bambanta da na Jamus. Lokacin hunturu, iska a bushe take ƙarau, farantin da aka ci tuwon hatsi a kansa ba ya buƙatar yini kafin ya zama kamar an shafa masa siminti. A watannin Afrilu da Mayu kuma zafi yana haura digiri 40, abin da ya rage na miya ko nono a cikin akwatin ƙarfe rufaffe yakan fara tsami da wari cikin ƴan sa'o'i, ga kyankyasai da kiyashi suna jiran gayyata. Saboda haka abin da Bature zai bari har dare bai damu ba, a nan idan zai wuce sa'a biyu ko uku, gara a ɗauraye shi.

Abincin ma ba iri ɗaya yake da hali ba. Tuwo, shinkafa, taliya, fura da kunu duk dangin sitaci ne. Yana da ɗanye ruwa kaɗai ya isa ya tafi da shi, amma idan ya huce ya bushe, ƙwayoyinsa sukan sake ɗaurewa su manne wa kwano, har ruwan zafi da sabulu su yi ta fama. A kan irin wannan ne ɗaurayar inji ta fi nuna amfaninta. Ƙwai da nono da madara kuwa halinsu daban: zafi ne abokin gabarsu. Farin ƙwai yana fara daskarewa tun daga wajen digiri 62, tsofaffin injinan Turai kuma a digiri 65 suke wankinsu na kullum. Idan ruwan zafi ya riski ragowar ƙwai ko nono a kan faranti kafin a kawar da shi, to an ƙara dafa shi ne a wurin. Shi ya sa sanyin ruwan ɗauraya ba gazawar inji ba ce, da gangan aka yi shi haka. Miyar yauƙi, ko ta kuɓewa ko kuka ko lalo, ita ma tana sakin kwano da sauƙi tana da danshi, amma idan ta bushe sai ta koma wata siririyar fata mai taurin kai.

Inda zagayen ba ya tsinana komai shi ne maiƙo. Ruwan sanyi ba tare da sabulu ba ba ya narkar da kitsen rago ko na sa, wanda sai ya haura digiri 40 yake sakewa. Manja da man shanu suna narkewa a ƙasa da haka, wajen digiri 35, don haka a bazara ruwan tankin saman rufi da rana ta dake shi yakan ɗan motsa su, amma motsawa ba wankewa ba ce: maiƙon zai bar wannan faranti ya bazu a kan kofunan da ke sama, ya kuma je ya kwanta a matata da bututun fitar da ruwa. Tiren da aka ci gasasshen nama ko tukunyar farfesu, a share kitsen da takarda ko da ɓawon burodi a zubar, kafin su shiga inji. Ƙanzo kuma ba aikin feshi ba ne ko kaɗan. A jiƙa shi a waje kamar yadda aka saba, mai cinsa ya ci, sannan a yi maganar inji.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba, wato kare cokula da wuƙaƙe. Gishiri da tsami suna cin ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa idan suka daɗe a kansa, su bar ƙananan ɗigo-ɗigo da ba sa gogewa. Miyar tumatir, yakuwa, tsamiya, lemun tsami da mayonez duk suna cikin masu wannan ɓarna. Ɗauraya ɗaya tana kawar da su. Haka kuma a injinan Turai masu rumbun gishiri a ƙasa, wanda ke tausasa ruwa mai yawan farar ƙasa, duk lokacin da aka ƙara gishiri wani yakan zube a gindin injin, kuma masu ƙera injinan da kansu suna cewa a kunna gajeren zagaye nan take don kada ruwan gishirin ya kwana yana cin ƙarfe. Wannan kam ko gidan da inji ke cika kullum yana buƙatarsa.

Yanzu ga tushen maganar nan da ake yawan ji, cewa kada a ɗauraye kwano kafin a sa a inji. Gaskiya ce, amma gaskiyar sabon inji da sabon sabulu. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara sa wa injina wani ɗan ido mai auna gurɓacewar ruwa. Idan ruwan farko ya dawo da datti, injin ya ƙara lokaci da zafi, idan ya dawo garau ya rage. Wanda ya ɗauraye kayansa tas ya yaudari wannan ido, injin ya yi ɗan wanki sama-sama. Tsohon inji ba shi da ido. Abin da ke bayan maɓallinsa wani ƙaramin mota ne mai juya faifai masu haƙora, kowane haƙori ya taɓa makunninsa a lokacinsa. Ko an jera masa kwanuka masu tsabta ko masu kaca-kaca, ruwa ɗaya zai sha, lokaci ɗaya zai ci. Ba a yaudararsa, kuma ba ya ƙara ƙoƙari don ya ga aiki ya yi yawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa hukuncin ya dawo hannun mai shi.

Sabulun ma ya canja, kuma wannan ya fi shafarmu fiye da maganar ido. Garin sabulun da aka ƙera tsofaffin injinan don shi mai ƙarfi ne ƙwarai, cike da fosfat da sinadarin bilic mai kulorin, yana cin datti da gaggawa, shi ya sa babban wankin irin waɗannan injina gajere ne. Daga baya aka gano fosfat yana lalata koguna da tafkuna, yana sa gansakuka ta mamaye ruwa kifi ya rasa iska. Jihohi da dama a Amurka suka taƙaita shi a 2010, Tarayyar Turai ta bi sahu daga 1 ga Janairun 2017. Sabulun yanzu ya dogara ne a kan wasu sinadarai masu narkar da abinci irin na cikin ɗan Adam, ɗaya yana cin sitaci, ɗaya yana cin dangin nama da ƙwai. Suna aiki da kyau, amma a hankali, kuma zafi mai tsanani yana kashe su. Shi ya sa sabon inji yakan yi sa'a biyu ko uku yana wanki. To a haɗa sabulu mai son dogon lokaci da inji mai gajeren wanki, a kuma ba su busasshen tuwo, sakamakon a bayyane yake. Idan abincin yana da laushi saboda an ɗauraye shi tun yana ɗanye, ɗan lokacin da sabulun ya samu zai ishe shi. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta amfani da zagayen ɗauraya a tsohon inji a yau, har ta fi ƙarfin da take da shi a zamanin da aka ƙera shi.

Amma ɗauraya tana da iyaka. Kwanukan da aka wanke kusan tas da hannu sannan aka cika ma'ajiya da sabulu, sabulun ba ya samun dattin da zai ci, sai ya koma kan gilashi. Kofunan shayi su fara yin wani hazo fari wanda ba ya fita ko da ruwan tsami, domin fuskar gilashin ce ta zaizaye. An fi ganin haka inda ruwa yake da laushi. Ranar da aka yi zagayen ɗauraya, a rage sabulun babban wanki kaɗan.

Ƙofar yawancin tsofaffin injina tana da gurbin sabulu biyu, ɗaya mai murfi, ɗaya a buɗe ko ɗan lotsawa a kan murfin. Na buɗen yana zubewa da zarar an rufe ƙofa, na ɗaurayar farko ce ta cikin cikakken wanki. Mai murfin kuma agogon injin ne ke buɗe shi idan babban wanki ya zo. A zagayen ɗauraya mai zaman kansa ba a sa komai a ko ɗaya. Sabulun da ba a bi shi da ruwan ɗauraya ba zai bushe a kan kwanuka, ya dusashe zanen faranti. Kada ma a ce bari a zuba na mai murfin tun yanzu ya jira dare: danshi zai sa garin ya dunƙule, kuma a wasu injina murɗa maɓalli da hannu ya wuce wurin wanki yana sa murfin ya buɗe. Maɓallin nan kuwa gefe ɗaya ake juya shi, yadda hannun agogo ke tafiya. Wanda ya tilasta shi baya ya karya haƙoran, samun wani sai an yi sa'ar gawar inji irinsa a wurin masu gyara. Dunƙulen sabulu na zamani da wasu ke jefawa a gindin inji shi ma asara ce, domin zai narke a ruwan farko a zubar da shi kafin a fara wankin. Gari ya fi dacewa da tsohon inji, tunda ana iya raba shi gida biyu. Omo da sabulun ruwa na wanke-wanken hannu kuwa ko ɗigo kada ya shiga, kumfa za ta cika injin, famfo ya kama iska, ruwa ya biyo ƙarƙashin ƙofa.

Batun ruwa shi ne inda nake ganin ya kamata a faɗi gaskiya ba tare da kwaikwayon lissafin wasu ba. Injinan Amurka da aka yi kafin 1994 suna shan galan 10 zuwa 15 a wanki ɗaya, wato lita 38 zuwa 57, alhali sabbin na Turai suna wajen lita 10. Tsohon injin da ke shan lita 45 yana canja ruwa sau biyar, kowane cikawa lita 9 ke nan, kuma kusan abin da zagayen ɗauraya zai ci ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin uku na bidon lita 25. Idan aka gwada da mai buɗe robine yana tara faranti, inji ya yi nasara nesa ba kusa ba, domin robine mai ƙarfi yana iya zubar da lita 8 a minti ɗaya. Binciken da aka yi a Jami'ar Bonn ta Jamus a farkon shekarun 2000 ya samu cewa mutanen da aka gwada sun kashe lita 103 a tsaka-tsaki wajen wanke kayan mutum 12 da hannu. Amma waɗannan Turawa ne a gaban robine. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, mai wanke-wanke da roba biyu, ba ta san wannan almubazzaranci ba. Idan faranti huɗu ne da kofi biyu ke jira, tsoma su a ƴar roba mai lita 2 ya fi kunna inji hankali. Zagayen ɗauraya yana biyan kuɗinsa ne idan injin ya kai rabi ko fiye. Kuma sau ɗaya ake yinsa tsakanin wanki da wanki. Wanda ya ɗauraye bayan karin kumallo, ya sake bayan abincin rana, ya sake da dare, ya sha lita 27, ya haura rabin ruwan cikakken wanki bai wanke ko cokali ba.

Ta fuskar kuran kuwa zagayen ba shi da tsada. Abin da ke cin wuta a injin Turai shi ne wayar dafa ruwa, mai jan wajen wat 2000. Ɗaga lita 10 daga digiri 30 zuwa 65 yana cin kusan kashi 4 cikin 10 na kilowat a sa'a, kuma ana yin haka aƙalla sau biyu a cikakken wanki. A ɗauraya famfo ne kaɗai ke aiki na ƴan mintoci. Ma'ana gidan da ke kan ƙaramin gurup ko hasken rana zai iya ɗauraye kaya da rana, ya bar babban wanki sai wutar gari ta dawo. Idan kuma kuran ya ɗauke ana tsakiyar zagaye, tsohon inji yana da wata fa'ida: agogonsa yana tsayawa cak a inda yake, ya ci gaba daga nan idan wuta ta dawo. Abin lura kawai shi ne ruwan dattin yana kwance a ciki duk tsawon lokacin.

Ƙarfin ruwa wani abu ne da ke sa mutane su zargi zagayen alhali laifin ba nasa ba ne. Da ma'aunin da ake kira bar ake auna ƙarfin ruwa, kuma yawancin injinan Turai suna neman aƙalla rabin bar, na Amurka sun fi haka, kusan bar ɗaya da rabi. Kowane mita 10 na tsayin tanki bar ɗaya yake bayarwa, don haka tankin da ke mita 3 a saman ɗakin girki bai kai ko rabin ba. Injinan Amurka da yawa da lokaci suke auna ruwa: ƙofa ta buɗe na ƴan daƙiƙu ƙayyadaddu ta rufe, ko ya isa ko bai isa ba. Idan bai isa ba famfo ya riƙa haɗiyar iska, a ji ƙararsa tana hawa tana sauka, hannun feshi ya kasa juyawa. Gwajin mai sauƙi ne. A lura da inda hannun yake fuskanta, a kunna, bayan minti biyu a buɗe ƙofa a hankali a duba ko ya gusa, a kuma ga ko ruwa ya rufe matata. Idan bai yi ba, a fara duba ƴar rariyar da ke bakin tiyon shigar ruwa, yashi yakan toshe ta, sannan a yi tunanin ɗaga tanki ko sa injin ƙara ƙarfi.

Tunda an ambaci na Amurka, shi matsalarsa ta wuce ta ruwa. An yi shi don wuta mai bolt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 220 ce da bugu 50. Tiransifoma tana gyara bolt, ba ta gyara bugu, don haka agogo da famfo duk za su yi tafiya da ragin kashi ɗaya cikin shida: zagaye ya ƙara tsawo, feshi ya rage ƙarfi. Ƙari a kan haka, bututun ruwan zafi na gida ake haɗa masa a can, yawancinsu ba a yi su don su dafa ruwa daga sanyi ba. A gidan da babu ruwan zafi a ɗakin girki, cikakken wankinsa ma bai fi doguwar ɗauraya da sabulu ba. Mai zaɓi a kasuwa ya ɗauki na Turai.

Duk abin da feshi ya kakkaɓo daga kwanuka bai ɓace ba, yana cikin matata. Wasu injinan Amurka suna da ƴar wuƙa mai niƙa guntayen abinci, na Turai kuwa rariya ce da ake cirowa a wanke da hannu. Idan aka yi ɗauraya aka bar shinkafa da ganyen zogale a matata har dare, su ne za su yi warin da ake gudu, kuma ruwan babban wanki ta cikinsu zai bi. Ciro ta a kakkaɓe bai kai minti ɗaya ba. Kankare kwano kafin ya shiga inji kuwa wajibi ne ko za a yi ɗauraya ko ba za a yi ba: ƙashin kifi, tsinken tsire, ƙwallon dabino, ledar magi, duk suna iya tsayar da famfo. Yashi ya fi su illa domin ba a ganinsa. Tukunyar da aka goge gindinta da yashi da toka, ko kwanon da yara suka ajiye a ƙasa a tsakar gida, a wanke musu gindi a waje. Yashin yana cinye robar da ke hana ruwa shiga motar famfo, kuma a tsohon inji wannan roba ita ce abin da ya fi wuyar samu.

Akwai kayan da ruwan sanyin ɗauraya ba zai cutar da su nan take ba, amma tunda wanki na tafe, tun farko kada su shiga. Ƙwarya, akushi, ludayin duma da muciya suna tsagewa. Tukunyar dalma ta ƴan ƙira tana yin baƙi da sabulun inji. Wuƙar maƙera da kwanon samira da ya ɓantare kuma zaman danshin ne ke cutar da su, kafin dare sun fara tsatsa suna ɗiga wa na ƙasa da su.

Bayan zagayen ya ƙare, a bar ƙofa a rufe ko a ɗan buɗe? Mutane sun rabu a kan wannan. Buɗewa yana rage wari, amma yana busar da abin da aka jiƙa, wanda shi ne dalilin yin aikin tun farko, kuma a hunturu ƙura ce za ta shiga, a damina ƙwari. Ni ina tare da masu rufewa, da sharaɗin kada jiran ya wuce yini ɗaya, a bazara ma kada ya kwana. A kuma sanar da duk mutanen gida cewa kayan da ke ciki ba wankakku ba ne. Farantin da aka ɗauraye yana fitowa da ƙyalli kamar an wanke shi, amma bai ga sabulu ba, bai ga zafi ba, ya kuma yi sa'o'i cikin ɗumi da danshi inda ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Ɗan ƙyalle da aka ɗaura a mariƙin ƙofa ya isa ya zama alama ga yaron da zai zo neman kofin shan ruwa.